Motar Baba da Makullin Manaja

Ku da kuke karanta ni, bari in faɗa muku abin da ban taɓa faɗa wa kowa a gidanmu ba: babu ƙarar da ke tsinka mini zuciya kamar hon ɗin motar Manaja. Ba wai da ƙarfi yake dannawa ba. Sau biyu ne kawai, a hankali, cikin ladabi. Amma da na ji sai in ji kamar an rufe tagogin gidan gaba ɗaya.

Manaja shi ne mai nemana. Manajan wani kamfanin sayar da tayil ne, shi ya sa kowa ke kiransa haka, har Mama. Gwaggo, yayar Baba, ita ta kawo shi gidanmu wata bakwai da suka wuce. Kada ku ɗauka mugu ne, wallahi ba mugu ba ne. Yana da tsabta, yana da kyauta, yana durƙusa wa Baba har ƙasa. Aibinsa ɗaya: idan ya yi mini tambaya, shi yake amsa abarsa.

"Kin gaji ko? Ai kin gaji. Kina son ruwa? A kawo mata ruwa."

Ni kuma ga ni nan, uwar kunya. Gwaggo tana kirana Shiru-shiru tun ina ƙarama. An ce shiru-shiru ba tsoro ba ne, to ni dai nawa tsoro ne, ban ɓoye muku ba. Shekara biyar na yi a jami'a ina karanta injiniyancin lantarki, amma ban taɓa ɗaga hannu a aji ba ko sau ɗaya. Sai in san amsa, ta zo har bakin leɓena, ta juya ta koma.

Ga inda maganar take. Na samu aiki a wani wurin gwada mitocin wuta, can ƙarshen gari, zan fara ranar Litinin. Daga gidanmu sai an hau mota uku kafin a isa. Mama ta ce sam, 'yarta ba za ta riƙa tsayuwa a bakin titi tun da asuba tana tare mota ba. Ko dai in samu motar zuwa, ko in haƙura da aikin. Baba ya nuna tsohuwar motarsa mai ruwan toka da ke ƙarƙashin rumfa, ya ce, "Uwata, in wannan ta yarda ta yi tafiya, taki ce." Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

To motar ce ta ƙi yarda.

Ranar Alhamis muka fita gwada ta, ni a sitiyari, Baba a gefe. Tun daga ƙofar gida take kakkarwa kamar mai zazzaɓi. In na taka totur sai ta yi jim, kamar tana shawara, sannan ta fizga. Muna zuwa mahaɗar titi na taka birki, sai ta yi tari sau biyu ta mutu. Masu motoci suka dame mu da hon. Wani mai babur ya leƙo ya ce, "Hajiya, a kai ta gidan tarihi mana!" Ban ɗago kai ba. Baba ya zura wa gilashi ido, jijiyar wuyansa ta tashi. Sai a juyi na huɗu ta kama, muka lallaɓo gida, tana ta zubar da hayaƙi.

Mun tarar da Gwaggo a falo, ta baje a kan doguwar kujera, ta cire mayafinta ta ɗora a hannun kujerar, tana fifita da murfin kwali. Kallo ɗaya ta yi mana ta gane.

"Ta sake mutuwa ko? Ni ban san me kuke nema a jikin wannan akwalar ba. Ke Shiru-shiru, duba wayarki."

Na duba. Saƙon Manaja ne. Hoton wata farar mota sabuwa fil, kujerunta ko ledar ba a cire ba. A ƙasa ya rubuta:

"Ta yi miki kyau ko? Na san ta yi. Lahadi bayan la'asar zan kawo makullin gaban su Baba."

Na zauna a kan kafet kusa da ƙafar Mama.

"Kin gani?" in ji Gwaggo. "Allah ya kashe ya ba ki. Amma ki sani, 'yar mutunci ba ta karɓar makullin mota a hannun namiji sannan ta ce wai tana nazari. In kin karɓa, kin amsa. Mu kuma sai mu fara shiri."

"Yaya, ni fa na ce ba zan yi mata dole ba," Baba ya faɗa daga bakin ƙofa. "Sai abin da ta ce."

"To ta ce mana! Wata bakwai muna jira. Ke, kina so ko ba kya so?"

Duk suka zuba mini ido. Na kalli zanen kafet. Akwai wani fure a jikinsa mai ganye takwas, na san su takwas ne don na sha ƙirga su.

"Kun gani," in ji Gwaggo. "Shirun budurwa ai amsa ce."

Mama ta dafa kaina ta ce a hankali, "Ni dai aikin nan nake ji miki. In babu mota, babu zuwa. Kin ji na gaya miki."

Gaba kura, baya sayaki. In na ƙi makullin, na rasa aikin da na shekara biyu ina nema. In na karɓa, na auri mutumin da bai taɓa jin ƙarshen maganata ba. Ƙofa ɗaya ce ta rage, ita ma tana ƙarƙashin rumfa tana tari.

Ranar Juma'a da safe Dogo bakanike ya zo. Shi ke duba motar tun ina firamare. Ya riga ya canja filogi, ya canja famfon mai, ya wanke nozul masu fesa wa inji mai, duk a banza. Na kawo musu shayi a faranti, na tsaya jikin ginshiƙin rumfa da hijabina kamar mai jiran kofuna.

Dogo ya tayar da ita, ya kara kunne, ya girgiza kai.

"Baba, gaskiya ɗaya ce. Injin nan ya gaji. Sai dai a sauke shi a buɗe, kuma aikin sati biyu ne, in ma an samu kaya."

"Sati biyu," Baba ya maimaita.

Na lura da wani abu. Hannun Dogo ya zagaya ko'ina a cikin bonet, amma bai taɓa wani baƙin akwatin roba da ke gefen dama ba, wanda wani ƙaton tiyo ya fito daga cikinsa ya shiga inji. Nan ne iska ke bi. Na tattara duk ƙarfin halina na ce, "Ɓangaren iska fa?"

Ban ma zaci sun ji ba. Dogo ya yi dariya.

"Injiniya ke nan! Ai wannan ɓangaren na Baba ne. Mutumin da ya yi shekara talatin da biyar yana jan manyan motoci, ni ne zan duba masa matatar iska? Ai sai a ce na yi rashin kunya."

"Iska lafiya lau take," in ji Baba. "Duk Asabar da hannuna nake duba ta."

Na kwashe kofuna na shige ciki.

A ɗakina na kulle ƙofa na rubuta wa Gajera. Ƙawata ce tun aji ɗaya a jami'a, bakinta ya fi jikinta girma, yanzu tana aiki a wani garejin zamani inda ake duba motoci da kwamfuta. Na zayyana mata komai: kakkarwa, mutuwa a tsaye, jinkiri in an taka, shan mai kamar rijiya.

Ta amso nan take: "Ke banza, ai da tuni kin gaya mini. Kin duba eyafulo?"

"Mene ne shi?"

"Sensar iska. Tana jikin tiyo, daf da akwatin matata. Kin tuna wayar nan mai zafi da muka yi a aji uku, wadda kika fi kowa ci amma kika ƙi tashi ki yi bayani?"

Na tuna. Wata siririyar waya ce da lantarki ke ɗumamawa. Iskar da ke wucewa tana sanyaya ta, daga yawan wutar da ake buƙata don ta ci gaba da zafi ake gane yawan iskar da ta shiga. Sensar sai ta gaya wa ƙwaƙwalwar mota, ƙwaƙwalwar kuma ta auna man da ya dace. In wayar ta yi datti, sai ta riƙa ba da labarin ƙarya, man ya zo ba daidai ba, inji ya rikice alhali lafiyarsa ƙalau.

"Ki kashe mota, ki zare soket ɗinta, ki sake tayarwa," Gajera ta rubuto. "In babu sensar, ƙwaƙwalwar za ta yi aiki da ƙiyasin da aka ajiye mata. In motar ta fi natsuwa a haka, kin kama ɓarawo. Fitila za ta kama a gaban direba, kada ki tsorata. Sannan wai ni kam, mutumin nan kina sonsa ko ba kya so?"

Na rubuta, na goge. Daga ƙarshe na tura: "Ban sani ba ko ina ƙinsa. Na dai san ba na iya numfashi in yana wurin."

"To ai kin amsa," in ji ta.

Asabar da sassafe ina shanya a igiyar tsakar gida, Baba ya fito da tsohuwar rigarsa ta aiki mai shuɗi, wadda sunan kamfaninsu ya koɗe a aljihunta. Tun da ya yi ritaya wata tara da suka wuce, wannan ce hidimarsa ta Asabar. Ya buɗe bonet, ya ɓalle maƙallan baƙin akwatin, ya zaro matatar iska. Na sha ganinsa yana wannan aikin, amma ban taɓa kallo da idon basira ba sai ranar.

Ya kakkaɓe ta a jikin ginshiƙi. Sannan ya jawo wani tsohon kwanon silba daga bayan tukunyar fure, ya tsiyaya baƙin mai a ciki, ya ɗauki buroshin fenti, ya shiga shafa wa matatar, lungu-lungu, cikin natsuwa, har da ɗan waƙe-waƙensa.

Zanen da ke hannuna ya faɗi ƙasa.

"Baba, me ya sa ake sa mata mai?"

Fuskarsa ta washe. Rabon da wani ya tambaye shi wani abu game da mota har ya manta.

"Yawwa Uwata, zo ki koya. Manyan motocin da na fara ja, matatarsu a cikin mai take zaune. Ƙura in ta zo sai ta manne, ba ta isa inji. Waɗannan na yanzu takarda ce kawai busasshiya, ƙura ta ratsa ta wuce. Shi ya sa nake taimaka mata. Rigakafi ya fi magani. Shekara talatin da biyar, ban taɓa kashe inji ba."

Na yi lissafi a zuci. Wata tara da ritaya. Wata shida da fara tarin motar. Na ce, "Allah ya ƙara girma, Baba," na tsince zanena.

Da hantsi ya tafi aski, daga can zai wuce duba wani abokinsa. Mama na kicin, Gwaggo ba ta zo ba tukuna. Na ɗauki makulli daga ƙusar da ke bayan ƙofar falo, na ɗaure hijabina ta baya don kada ya shiga inji, na naɗe hannun riga.

Na fara tayar da ita yadda take. Kakkarwa, tari, allurar gaban direba mai nuna gudun inji tana hawa tana sauka. Na kashe. Na lalubo sensar a jikin tiyo, 'yar baƙar aba mai soket ɗin waya biyar. Na danna maƙallin da babban yatsa, ya ƙi, na sake dannawa har farcena ya karye, sannan ya fita. Na koma na murɗa makulli.

Jama'a, motar nan ta tashi ta tsaya cak. Fitilar gargaɗi ta kama kamar yadda Gajera ta ce, amma kakkarwar ta ragu sosai, allura ta zauna wuri ɗaya. Na zauna ina sauraro, hannuna a kan baki.

Na kashe, na ɗauko sukudireba a akwatin kayan Baba, na kwance ƙusoshi biyu, na zaro sensar a hankali. Na haska cikinta da fitilar waya. Siririyar wayar, wadda ya kamata ta yi ƙyalli kamar gashin azurfa, ta yi baƙi ƙirin, mai da ƙura sun yi mata riga. Na zura yatsa cikin tiyon, ya fito da maiƙo. Na bi tiyon kaf ina matsawa ko akwai tsaga, babu.

Na tura wa Gajera hoto.

"Innalillahi! Wa ya soya ta?"

"Baba. Yana shafa wa matata baƙin mai."

Ta turo fuskokin dariya sun fi goma, sannan ta rubuta: "Yi haƙuri. Ki sayo feshin wanke sensa, wanda aka yi don ita, ba na kafireto ba, ba fetur ba. Kada ki taɓa wayar da komai, ko da auduga, tsinkewa za ta yi. Ki bari ta bushe da kanta. Kuma ki sayi sabuwar matata, in ba haka ba aikin banza kika yi."

Na ce wa Mama zan je shago. A layin masu kayan mota na shiga shago uku kafin in samu. A na farko mai shagon ya ce, "Wa ya aiko ki? Kira shi mu yi magana." Na fita ban tanka ba. A na uku na nuna hoton gwangwanin da lambar matatar a waya, ban ce uffan ba, aka miƙo mini.

A bayan gida, kusa da tankin ruwa, na shimfiɗa tsohuwar jarida. Na riƙe sensar na fesa daga ɗan nesa. Ruwan da ya fara zuba baƙi ne. Na sake, na sake, har sau goma sha biyu, sai da ya koma fari tas, wayar ta fito siririya tana walƙiya. Ina tsugune ina jiran ta bushe, sai na ji hawaye. Abar nan lafiyarta ƙalau tun farko. Kulawa ce ta lulluɓe ta har ta kasa faɗin gaskiya. Na share ido da gefen hijabi, na ce wa kaina, ke dai ki yi aikinki.

Na goge cikin tiyon da akwatin da tsumma mai tsabta. Na sa sabuwar matata, na mayar da sensar, kibiyar jikinta tana kallon inji kamar yadda na same ta, na ɗaure, na mayar da soket har ya ce ƙas. Tsohuwar matatar na naɗe a leda na tura ƙarƙashin gadona.

Juyi ɗaya ta tashi. Babu tari. Na zagaya unguwa sau uku, na tsaya a mahaɗar nan da ta kunyata mu, na taka birki na jira. Ba ta mutu ba. Na taka totur, ta amsa nan take.

Da Baba ya dawo na ce masa kawai, "Baba, ta tashi." Ya tayar, ya saurara, ya yi murmushi har kunne.

"Ba na gaya muku ba? Man da na sa mata da safe ne ya ratsa. Dogo da sauke inji!"

Na buɗe baki. Na kalli farin cikin da ke fuskarsa. Na rufe.

Lahadi bayan azahar gidan ya cika da ƙamshi. Mama ta sa an goge falo, an canja labule. Gwaggo ta zo da leshi ruwan zuma da sarƙarta ta fita kunya, ta fito mini da doguwar riga mai ruwan hoda ta ce ita zan sa. Da aka gaya mata motar ta tashi sai ta taɓe baki.

"Tashin mai jinya ne. Gobe da safe za ta koma. Ke dai ki karɓi abin arziki."

Ina cikin ɗaura ɗankwali na hango Baba ta taga. Bonet a buɗe. Sabuwar matatar a hannunsa, yana juya ta yana mamaki. A ƙasa kuma ga kwanon silba, ga buroshi.

Ban san lokacin da na fita ba, ko takalmi babu.

"Wa ya sa wannan?" ya tambaya. "Busasshiya ƙamas! Gobe za ki yi doguwar tafiya, bari in gyara miki ita."

Ya tsoma buroshin a mai.

Ku gane halin da nake ciki. In na yi shiru, ƙila gobe, ƙila jibi, ƙila wata guda, motar za ta koma gidan jiya, Gwaggo ta ci gari. In na yi magana, zan gaya wa mutumin da babu abin da ya rage masa sai wannan alfaharin cewa shi ya kusa kashe motarsa da hannunsa. Buroshin ya ɗago, mai yana ɗiga.

Na riƙe hannunsa. Tun da na girma ban taɓa riƙe hannun Baba ba.

"Baba, don Allah kada ka sa."

"Me ya faru?"

"Man ne." Na nuna kwanon. "Man ne yake kashe ta."

Ya kalle ni kamar na yi wani yare. Na ruga ɗaki na ɗauko ledar, na fito da tsohuwar matatar, na nuna masa hoton sensar kafin wanki da bayan wanki. Na yi masa bayanin siririyar wayar, da yadda iska ke ɗaukar man ta kai mata. Ban taɓa yin magana mai tsawon wannan a gabansa ba. Na ce motocin da ya ja ba su da wannan wayar, don haka a wurinsu daidai yake yi. Na ce ba laifinsa ba ne. Na faɗi haka har sau uku.

Ya zauna a kan bencin rumfa, buroshin na hannunsa, mai yana ɗiga a kan takalminsa. Sai na ga tsufansa, wanda ban taɓa lura da shi ba.

"Wata shida," ya ce can. "Na sa Dogo ya yi ta canje-canje. Na hana shi taɓa wurin."

"Baba, ka yafe ni."

"Tun jiya kika sani?"

"E."

"Kika bar ni ina cika baki a gaban uwarki." Ya girgiza kai. "Da ban ɗauko kwanon nan ba, da shiru za ki yi?"

Na sunkuyar da kai. Amsar a fili take.

Ya tashi ya juye man cikin galan, ya kife kwanon. Ya mayar da matatar yadda take, busasshiya, ya rufe akwatin, ya tayar da motar. Muka tsaya muna jin ta. Sannan ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Uwata, abin da ya fi yi mini ciwo ba man ba ne. A ce a gidana akwai mai sani, amma tsoro ya hana ta faɗa. Me kuma kika sani da ba ki faɗa ba?"

Kafin in amsa, sai ga shi. Hon sau biyu, a hankali, cikin ladabi.

Gwaggo ta fito da sauri tana gyara mayafi, Mama na biye da ita. Aka buɗe ƙofar gida. Farar motar ta shigo tana sheƙi, ta tsaya daf da ta Baba. Manaja ya fito cikin farar shadda mai aiki a wuya, turarensa ya riga shi isowa. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida su Mama, sannan ya juyo gare ni. Ya ga ƙafata babu takalmi, ya ga baƙin mai a hannun rigar hoda.

"Subhanallahi, aiki aka sa ki? Kin sha wahala ko? Kin sha. To daga yau an gama." Ya ciro makulli mai ɗan jan ƙyalle, ya miƙo da hannu biyu. "Ga shi. Kin ji daɗi ko? Na san—"

"Ina da mota."

Ni kaina sai da na waiga in ga wa ya yi maganar.

"Na'am?" in ji Manaja.

"Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Amma ina da mota. Ga ta nan. Da ita zan je aiki gobe."

"Ke!" Gwaggo ta dafe ƙirji. "Wannan akwalar? Ɗan'uwana, kana ji kana gani?"

"Ita ta gyara ta," in ji Baba. "Ni na ɓata, ita ta gyara. In ta ce za ta kai ta, za ta kai ta."

Mama ta kalli motar, ta kalli hannuna, ta ce a hankali, "To ai shi ke nan, mota ta samu."

Hannun Manaja yana nan a miƙe. A hankali ya sauke shi. Ya daɗe yana kallon makullin, sannan ya ɗago. Murmushin nan nasa na kullum babu shi, kuma wallahi sai ya fi kama da mutum.

"Ina da tambaya," ya ce. "Motar ce ba kya so, ko ni?"

Na jira ya amsa wa kansa kamar yadda ya saba. Wata bakwai yana yi. Na ƙirga ɗaya, biyu, uku. Bai amsa ba. Ya tsaya yana jira.

Injin tsohuwar motar yana ta aiki a tsakaninmu, sumul, ƙararsa ta isa ta rufe muryar mai kunya. Na matsa kusa da ita. Sai Baba ya zura hannu ta taga, ya murɗa makullin, ya kashe ta. Ya zaro shi ya danƙa mini a tafin hannu.

"Yanzu kowa zai ji ki, Uwata," ya ce. "Bismillah."